Kifi da dankali a ƙunshin takarda: Ranar da ɗan Illela zai zama baƙo a Ingila

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Illela ranar Lahadi da la'asar sakaliya ya san ƙamshin da muke nufi. Masu shanu sun fara kaɗa abin da bai sayu ba, 'yan kabu-kabu suna ta jigilar mutanen Konni zuwa bakin iyaka, su kuwa masu tuya a lokacin ne kasuwarsu take ci. Ga mai kifi a nan, ga mai dankali da doya a can, kowa da kaskonsa da tarin takardu a gefe. Ka miƙa kuɗi, a yagi takarda, a zuba maka, a barbaɗa yaji, ka kama gabanka. Wani lokaci takardar tsohuwar jarida ce. Wani lokaci kuma sai ka cinye ka tarar da lissafin wani ɗan aji uku, da jan biron malami a jiki.

To, da mai kifin da mai dankalin za su haɗa jari su riƙa zuba kayansu a ƙunshi ɗaya, da sun buɗe irin shagon da mutanen Birtaniya suka fi tinƙaho da shi. Sunan abincin a bakinsu "fish and chips", wato soyayyen kifi da soyayyen dankalin Turawa. Ba abincin liyafa ba ne, na saya-ka-tafi ne, irin wanda yanzu muke ce wa tekawe. Shagunan da ke sayar da shi a ƙasar sun kai dubbai, kuma da wuya baƙo ya yi mako guda a can ba a ja shi zuwa ɗaya daga ciki ba.

Daren farko

Mu ƙaddara ɗaya daga cikinku ne. Ya gama sakandare a Illela, ya yi digiri a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, Allah Ya ba shi tallafin ƙaro karatu a Ingila. Ya sauka a farkon hunturu, sanyi na ratsa rigarsa, rana tana faɗuwa tun kafin ya gama tunanin la'asar ta yi. Ranar Juma'a da yamma abokan karatunsa suka ce ya zo a je a sayo abincin dare. Juma'a ce ranar da layin shagon ya fi tsawo, don tun da can Kiristocin ƙasar suna da al'adar ƙaurace wa nama a wannan rana, sai kifi.

Tambayoyi biyu mai shago zai yi masa. Ta farko, wane kifi yake so, kod ko hadok? Dukansu na teku ne mai sanyi, kuma bai taɓa ganin ko ɗaya da rai ba. Ta biyu, a sa masa gishiri da ruwan khal? Zai ce a sa, don ya ga kowa haka yake cewa.

Da ya buɗe ƙunshin, tururi mai tsami zai daki hancinsa har ya ja da baya. Wannan ruwan khal ɗin ne, wanda ake yi da sha'ir, kaifinsa ya fi na tsamiya. Sannan ya dubi kifin. Babu kai, babu wutsiya, babu ƙaya, sai wani dogon abu mai launin zinare da ya kusa kai tsawon kamu ɗaya. Mu da muka saba duba idon kifi da kansa kafin mu yarda da shi, wannan kaɗai ya isa ya sa mana shakka. Idan ya fasa ɓawon sai ya ji ƙaras, a ciki kuma ga tsoka fara fat tana rabuwa falle-falle. Dankalin yankan kauri ne kamar yatsa, mai laushi, ba irin siririn nan mai ƙarau-ƙarau ba. A gefe an ba shi wani ɗan kofi mai ɗauke da koren abu kamar fate: busasshen koren wake ne da aka jiƙa kwana guda aka dafa har ya farfashe. An kuma haɗa masa da wani ɗan cokalin katako mai haƙora biyu, wanda bai kai tsawon ɗan yatsa biyu ba.

Zai kai loma. Zafi, maiƙo, gishiri, tsami. Sai ya dakata yana jiran yaji ya taso. Ba zai taso ba. Babu barkono, babu citta, babu ko ƙwayar masoro. A daren nan, idan ya kira gida, mun san abin da zai faɗa wa mahaifiyarsa: Inna, abincin mutanen nan lami ne.

A nan ne muke ganin ya yi gaggawar yanke hukunci, kodayake ba mu ga laifinsa ba. Harshensa ya je neman abin da ba a sa ba, sai ya kasa jin abin da aka sa. Mu a wajenmu daɗin kifi yana ga haɗin da aka yi masa. Su kuwa a wajensu daɗin yana ga kifin kansa, da kuma ƙaras ɗin ɓawon. Ɓawon nan kwaɓin fulawa ne mai ruwa-ruwa da ake tsoma kifin a ciki kafin a jefa shi cikin mai da zafinsa ya kai wajen digiri 180. Nan take kwaɓin yake ƙamewa ya zama riga. Mai yana soya rigar daga waje, kifin kuma yana turaruwa da ruwan jikinsa daga ciki. Shi ya sa tsokar ba ta bushewa. Shi ya sa kuma abincin ba ya jira: idan aka bar shi a ƙunshe na minti 20, tururin zai jiƙe ɓawon ya koma kamar tsumma. Baƙi da dama da suka kushe shi, a sanyaye suka ci.

Akwai kuma tambayar da ya kamata ya yi tun kafin ya miƙa kuɗi, idan Musulmi ne. Kifi dai halal ne, amma wasu shagunan suna kwaɓa fulawar da giya don ɓawon ya yi sakayau. Wasu, musamman a arewacin Ingila, da kitsen shanu suke tuya, ba kuma lallai ne an yanka shanun yadda addini ya tsara ba. Wasu suna soya kayan naman alade a cikin man da suke soya kifin. Tambaya ba abin kunya ba ce a can, masu shago sun saba jin ta, kuma a garuruwa irin su Bradford da Birmingham akwai shagunan da Musulmi ne masu su. Wanda ya ji nauyin tambaya, ko dai ya ci abin da bai so ba, ko ya kwana da yunwa ga abinci a gabansa.

Wanda ya riga mu

Wannan ɗalibi da muka ƙaddara ba shi ne Bahaushen farko da zai zauna gaban abincin Ingila yana mamaki ba. Shekara 170 da suka wuce wani yaro mai suna Dorugu ya riga shi. An haife shi a ƙasar Damagaram wajen 1840. Aka kama shi bauta yana ƙarami, har aka kai shi Kukawa ta Borno, inda wani Bajamushe matafiyi, Adolf Overweg, ya 'yanta shi. Bayan rasuwar Overweg a 1852, Dorugu da abokinsa Abbega suka koma hidimar Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim. Tare da shi suka ratso Katsina, suka zo Wurno da Sakkwato a 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, suka wuce Gwandu har Tumbuktu. Ke nan ƙafar yaron ta taka ƙasar da kuke takawa.

A watan Satumban 1855 suka sauka Landan. Shekarun Dorugu ba su wuce na ɗan aji huɗu ko biyar a cikinku ba. Ya zauna a gidan wani malamin mishan, James Frederick Schön, ya riƙa ba shi labarin rayuwarsa da Hausa, shi kuma yana rubutawa. Labarin ya fito a littafin Magana Hausa a 1885. A cikinsa Dorugu ya kwatanta yadda Turawa suke liyafar cin abinci a gidajensu, daki-daki, da idon mutumin da ke lura da komai. Abin da ya burge mu shi ne, a zamanin da Turawa ne ke yawo suna rubuta yadda muke ci da sha, ga wani yaro Bahaushe ya juya madubin ya dube su. Ya dawo Afirka ta Yamma a 1864, ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa da ke Nassarawa a Kano, inda ya rasu a 1912.

Ku lura da shekarun da ya yi a Ingila, 1855 zuwa 1864. A daidai wannan tsakanin ne aka fara haɗa kifi da dankali a ƙunshi ɗaya. Mutanen Landan suna cewa wani Bayahude mai suna Joseph Malin ne ya buɗe shagon farko a gabashin birnin wajen 1860. Mutanen arewa suka ce a'a, John Lees ne a kasuwar Mossley, kusa da Manchester, a 1863. Har gobe ba su daina wannan musu ba. Mu dai abin da muka ɗauka a ciki shi ne, abincin da ake kira na gargajiyar Ingila, Bahaushe ya riga shi zama a Landan.

Abincin ma baƙo ne

Idan aka warware ƙunshin aka tambayi kowane abu daga ina ya zo, za a ga babu ɗan gari a ciki. Soya kifi cikin fulawa dabarar Yahudawan Sifen da Fotugal ce. An kore su daga Sifen a 1492, zuriyarsu ta watsu, wasu suka isa Ingila ta hanyar Holan. Addininsu ya hana su hura wuta ranar Asabar, don haka sukan soya kifin tun ranar Juma'a su ajiye, rigar fulawar ta hana shi lalacewa. 'Yan gudun hijira ne suka kawo rabin abincin.

Ɗaya rabin kuma daga tsaunukan Andis na Kudancin Amurka ya fito, wajen Peru da Bolibiya, inda aka yi dubban shekaru ana nomansa kafin Sifaniyawa su kai shi Turai a ƙarni na 16. Mun sa masa suna dankalin Turawa ne kawai don a hannunsu muka gan shi. Yanka shi a soya cikin mai kuwa, Faransa da Beljiyam ne suke jayayya a kan wanda ya fara.

Abin da Ingila ta ƙara shi ne jirgin ƙasa, da ƙanƙara, da jiragen kamun kifi masu inji. Su suka sa kifin da aka sauke a tashoshin Grimsby da Hull yake isa garuruwan masaƙu kafin ya lalace. Ƙasar ma tsibiri ce: babu inda mutum zai tsaya a Birtaniya ya yi nisan da ya wuce kimanin kilomita 113 da teku. Ku auna da namu, daga Illela zuwa Sakkwato kaɗai wajen kilomita 85 ne, zuwa bakin teku a Badagry kuwa hanyar ta haura kilomita 1,000. Ma'aikatan masaƙa, maza da mata, da ke tashi aiki a gajiye ba su da lokacin hura wuta, sai suka samu abinci mai zafi, mai arha, mai riƙe ciki. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu shagunan sun kai wajen 35,000. A lokacin yaƙin gwamnati ta ƙayyade wa kowa yawan nama da sukari da shayin da zai saya, amma ba ta sa kifi da dankali a wannan ƙangi ba. Kuma a tsohuwar jarida ake ƙunshe shi, kamar dai namu, har zuwa shekarun 1980, lokacin da aka daina barin abinci ya taɓa tawada saboda lafiya. Wannan darasi ne da masu tuyarmu ba su kai ga ɗauka ba tukuna.

Ba su kaɗai ke cin abincin aro suna kiransa nasu ba. Ku dubi abin da kuka ci daga safe zuwa yanzu. Shayin mai shayi asalinsa Sin ne. Indomie daga Indunusiya ta zo. Awara, wadda yau babu ƙofar makarantar da ba a soya ta, dabarar mutanen Sin ce, kakanninmu ba su tashi da ita ba. Tumatir, rogo, gyaɗa, masara, har dankalin da muke kira na Hausa, duk daga nahiyar Amurka suka fito. Kai, shi kansa barkonon da ɗalibinmu ya nema a Ingila ya rasa, har ya ce abincinsu lami ne, daga can ya zo. Mutanen da suka yi zamani da Sarauniya Daurama ba su san shi ba.

Ko kifin nan kod ba baƙonmu ba ne kamar yadda ɗalibin ya zata. Busasshen kifin nan mai tauri kamar itace, da 'yan'uwanmu Ibo suke kira okporoko suna sa wa a miya, yawancinsa kod ne da danginsa da aka shanya a iskar Norway.

Idan aka rufe hanya

Ɗan Illela ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan yadda rikicin manya yake sauka a kwanon yara. An rufe iyakar nan a watan Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. Aka sake rufe ta a Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. Da yawanku kun ga layin manyan motoci a tsaye, kun kuma ji iyaye suna lissafin yadda kuɗin cefane ya daina isa.

Irin wannan ya samu ƙunshin Turawa. Yawancin kifin da suke soyawa ba a ruwansu ake kama shi ba, daga tekun Aisland da Norway da Rasha yake zuwa. Sun ma taɓa yin shekaru, daga 1958 zuwa 1976, suna artabu da Aisland a kan wa ke da ikon kamun kod a ina, kuma Aisland ce ta yi nasara. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, man girkin da suke saye daga Yukiren ya yi tsada, gwamnatin Birtaniya kuma ta ƙara harajin kashi 35 cikin 100 a kan farin kifin Rasha. Ƙunshin da ake saye kimanin fam 6 da rabi a 2019 ya kusa fam 10 a 2024. Abincin talaka ya fara fin ƙarfin talaka, wasu shagunan suka rufe.

Mun kawo duk wannan ne don wani abu da muke gani a makarantunmu, musamman na kwana. Yaro ya zo daga Konni ko Tawa da cukunsa, ko ya zo daga Kudu da garinsa da busasshen kifi, sai a taru ana toshe hanci ana dariya, har ya koma cin abincinsa a ɓoye. Masu dariyar ba su san cewa su ma kilomita kaɗan ya raba su da zama baƙi ba. Ranar da ɗayansu zai buɗe kwanon miyar kuka mai daddawa a ɗakin kwanan ɗalibai a wata ƙasa, zai ga yadda ake kallon mutum. Masu nazarin cin abinci sun lura cewa harshe ba ya karɓar sabon ɗanɗano a karo ɗaya, sai an maimaita, wani lokaci har sau goma ko fiye. Wa ya so goro a ranar da ya fara tauna shi?

Mun gwada a Illela

Tun da gani ya kori ji, mun ce bari mu gwada da abin da kasuwarmu ta ba mu. Kod dai babu, sai muka sayi manyan karfasa, muka roƙi mai kifin ya fere mana tsokar ya zare ƙaya. Ya yi, amma yana yi yana kallonmu, don bai ga dalilin da zai sa mai hankali ya bar kan kifi a kan tebur ba. Muka sayi dankalin Turawa irin wanda ake kawowa daga Filato, muka yanka da kauri, muka wanke, muka tsane shi sosai da tsumma mai tsabta.

Dankalin sau biyu ake soya shi: na farko a wuta kaɗan har ya yi laushi bai canja launi ba, a kwashe ya huce, sannan a mayar cikin mai mai zafi ya yi ja. Kwaɓin kuwa fulawa ce kofi ɗaya, da ƙaramin cokali na hodar tashin kek, da gishiri, da ruwa mai sanyi ƙarara, a dama sama-sama har ya yi kaurin kunu. A barbaɗe kifin da busasshiyar fulawa, a tsoma a kwaɓin, a zura shi cikin man gyaɗa a hankali. Wanda zai gwada a gida ya nemi babba ya tsaya a kansa, don mai mai zafi da ruwa ba sa shiri. Yankan farko ya manne mana a gindin kasko saboda mun yi gajen haƙuri man bai yi zafi ba. Na biyu ya taso ya kumbura, launin zinare sak. A madadin ruwan khal muka matsa lemun tsami.

Ɗalibai shida muka tara, muka kafa musu sharaɗi ɗaya: loma uku ta farko babu yaji. Biyu sun cika sharaɗin da ƙyar suka miƙa hannu ga ƙullin yajin. Wata 'yar aji biyar ta ce ɓawon ya fi kifin daɗi, ta bi ɓarɓashin da ya rage a matsami tana tsincewa. Ba ta san cewa a arewacin Ingila yara suna roƙon wannan ɓarɓashin a shago ana ba su kyauta ba. Wanda ya fi kowa kushewa tun farko, shi muka kama yana lashe takarda.

Akwai kuma wani yaro da iyayensa ke Konni, wanda ya zo da burodinsu na can, dogon nan mai kama da sanda da suka gada daga Faransawa. Bai ce komai ba. Ya tsaga burodin, ya shafa bota, ya jera dankalin a ciki, ya barbaɗa yaji, ya danne da tafin hannu. Sauran suka yi masa caa, kowa na son a gutsura masa, shi kuma yana ta murmushin wanda ya ƙirƙiro sabon abu. Sai da ya kai rabi muka gaya masa cewa ma'aikatan arewacin Ingila sun daɗe suna cusa dankali cikin burodi mai bota, har suna da sunan da suke kiransa. Ya tsaya da tauna, ya tambaye mu ko su ma suna sa yaji. Muka ce ba sa sawa. Ya ce to ai nasa daban ne, ya ci gaba da ci.